Zanen matan hamadar Ostareliya: ɗige-ɗigen nan hoton ƙasa ne ko ado ne kawai?

Ummu_Khalil:
Assalamu alaikum. Ina koyar da zane a sakandare, kuma zangon nan ina so in shigo da mata masu zane na Ostareliya. Aikin Elisabeth Cummings na fahimce shi, duk da yadda take cakuɗa launuka ana hango duwatsu da itatuwa. Amma da na zo kan Emily Kame Kngwarreye sai kaina ya ɗaure. Akwai zanenta na 1995, Big Yam Dreaming, baƙin ƙyalle mai tsawon mita 8 da fararen layuka sun nannaɗe juna. Babu sama, babu tudu, babu ko bishiya ɗaya. To ta yaya ake ce masa zanen shimfiɗar ƙasa? Yarana za su tambaye ni, kuma ba na son in ba su amsar da ban gamsu da ita ba.

Malam_Sabo:
Wa alaikumus salam Malama. Bambancin yana wurin da mai zanen ta tsaya. Cummings ta tsaya tana kallon ƙasa daga gefe. Emily kuwa abin da ta sani game da ƙasarta, Alhalkere, shi take zanawa, har da abin da ke binne. Layukan nan saiwoyin doyar daji ne da ke yaɗuwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma Emily ce ke da haƙƙin labarin doyar a al'adarsu, sunanta Kame ma daga irin wannan doyar ya samo asali. Matan Anmatyerre, wato ƙabilarta, sun daɗe suna zana irin waɗannan layuka a ƙirji da kafaɗa lokacin bikinsu na mata, awelye. Ta fara da rinin batik, wato rinin ƙyalle da kakin zuma, a yankinsu na Utopia da ke hamadar tsakiyar Ostareliya a 1977, sai wajen 1988 ta koma fenti a ƙyalle, tana dab da shekara 80. Kafin rasuwarta a 1996 ta yi zane kusan 3,000. Tsohuwa ce mai ƙarfin hannu, a ƙasa take shimfiɗa ƙyallen ta zauna a kai tana aiki.

Hajiya_Binta:
'Yar'uwa, ki nuna musu kyautar Wynne, wadda ake bayarwa a Sidni tun 1897, galibi don zanen shimfiɗar ƙasa. Gloria Petyarre ta ci ta a 1999. Daga 2016 kuma matan hamada suka riƙe ta shekara huɗu a jere: 'yan gidan Ken, sai Betty Kuntiwa Pumani, sai Yukultji Napangati, sai Sylvia Ken. Alƙalan can sun riga sun amsa tambayarki.

Garba_Fenti:
Hajiya, ni alƙalai ba su cika burge ni ba, kasuwa ce ke jan su. Earth's Creation na Emily an sayar da shi dalar Ostareliya miliyan 2.1 a 2017, ita kuwa ta daɗe a kushewa. Sai a 2010 aka fara ba masu zane kashi 5 cikin ɗari idan an sake sayar da aikinsu. Malama, abin da zan roƙe ki shi ne kada ki sa yara su kwaikwayi ɗige-ɗigen. Tun a Papunya, wani ƙauyen hamada inda maza suka fara irin wannan zanen da fenti a 1971, wasu na amfani da ɗigon don rufe alamomin da ba a yarda baƙo ya gani ba. Kowane zane da masu shi.

Ummu_Khalil:
Na gode muku. Malam Garba, na ji, ba za mu kwaikwaya ba. Zan sa kowane yaro ya zana wurin da ya sani kamar daga sama yake kallonsa, da alamomin da shi ya ƙirƙira. Akwai wanda ya san inda zan samu hotunan aikin Sally Gabori, wata mai zane 'yar asalin Ostareliya, masu kyau da za a iya bugawa babba?