Zane kaɗai ya isa hujja? Waɗanda suka yi rigimar boris, ku fito

Mai tambaya: Salamu alaikum. Duk wanda aka taɓa ja da shi kan zanen boris a takardar haƙƙin ƙirƙira, don Allah ya ba mu labari.

Injiniya, Jamus: Wa alaikumus salam. Mu ne muka ƙalubalanci wani kamfani kan boris mai ƙwallo jeri biyu. A zanensu, ramin da ƙwallon ke gudu a zoben ciki ya fi na waje zurfi, amma a rubutu ko ambatonsa ba su yi ba. Da wuta ta yi wuta, sai lauyansu ya aza rula a kan zanen, ya fito da adadi don ya ƙara a takardarsu. Aka ce bai isa ba. Sashe na 123(2) na yarjejeniyar haƙƙin ƙirƙira ta Turai ya hana cusa abin da babu shi ranar shigar da takarda, kuma awon rula a kan zanen misali ba bayani ba ne.

Lauya, Amurka: Injiniya, nan ma haka ne. Hukuncin Hockerson-Halberstadt da Avia na 2000 ya ce zane ba ya tsayar da girma muddin rubutu ya yi shiru. Amma kada a raina zane. A shari'ar Vas-Cath da Mahurkar ta 1991, kotu ta ce yana iya wadatarwa shi kaɗai. Na taɓa kare wani da haka, domin siffar kejin da ke riƙe ƙwallon ake jayayya a kai, kuma ga ta ƙuru-ƙuru a hoto na uku. Da awo ake nema, da mun sha ƙasa.

Makaniki, Kano: Ranku ya daɗe, mu lamba muka sani. Ka ce 6204, kowa ya san rami milimita 20, baya 47, kauri 14. Me ya hana su rubuta lamba a huta?

Injiniya, Jamus: Maigida, sabon abu ba shi da lamba tukuna. Kuma ka san bambancin 6204 da 6204 C3: sarari ne tsakanin ƙwallo da zobe na 'yan maikiron (kashi ɗaya cikin dubu na milimita ke nan), ba zanen da zai nuna shi.

Lauya, Abuja: A dokar haƙƙin ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 magatakarda tsarin takardu kawai yake dubawa, ba ya auna ko bayanin ya wadatar. Sai an je Babbar Kotun Tarayya ake tonawa. Wani ya kawo mini takardarsa ta injin niƙa, zane shafi huɗu, bayanin boris layi ɗaya: "kamar yadda aka nuna." Na ba shi shawara ya sasanta da abokin rigimarsa, ya kuwa sasanta.