Ƙaramin Layin Dogo a Cikin Gida: Wane Ma'auni Ya Dace da Tashar Zariya?

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina da niyyar haɗa ƙaramin layin dogo na kwaikwayo a ɗakin karatuna, a kan allon katako mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4. Burina shi ne tashar jirgin ƙasa ta Sabon Garin Zariya ta fito, tare da reshen da ya rabu ya nufi Funtua, Gusau da Ƙaura Namoda. Tsakanin HO da N, wato ma'aunan girman jiragen kwaikwayo, wanne zai ɗauki wannan tsari ba tare da cunkoso ba?

Malamin fasaha, Samaru:
Wa alaikumus salam. A HO ana rage komai sau 87, kuma tazarar ƙarafan layi milimita 16.5 ce, a N ana ragewa sau 160, tazarar kuma milimita 9. Kwanar da jirgin HO zai juyo a kanta tana cin faɗin ƙafa 3 ko fiye, don haka da zarar ka kewaye allon da layi, wurin da zai rage wa tasha da reshe kaɗan ne. N zai ba ka fili, sai dai taragunsa ƙanana ne ƙwarai, kuma gyaransu na buƙatar ido da haƙuri.

Tsohon ma'aikacin reluwe, Sabon Gari:
Malam, idan Zariya kake son kwaikwaya da gaskiya, akwai abin dubawa kafin sayen komai. Layin HO na kanti yana wakiltar faffaɗan dogo mai milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, alhali tsohon layin da ya ratsa Zariya milimita 1,067 ne. Idan aka raba wannan da 87, ana samun kusan milimita 12, kuma layi mai wannan tazara yana da wuyar samu da tsada.

Ni da zan ba ka shawara, sai ka waiwayi ƙaramin layin Bauchi, wanda ya tashi daga nan Zariya ya hau tsaunukan Jos domin ɗauko kuza, aka rufe shi a 1957. Tazararsa milimita 762 ce, kuma masu wannan sana'a suna kwaikwayon irinsa da taragun girman HO a kan layin N. Ta haka taragu za su cika hannu, kwane-kwanen layin kuma za su matse yadda allonka zai ɗauka. Yawancin matasanmu ba su ma san an taɓa yin wannan layi ba.

Malama, Gyallesu:
Baba ya yi magana mai kyau, amma a kula da ƙurar hunturu, domin wutar da ke tura jirgin ta cikin ƙarafan layi take bi, kuma ƙura kaɗan tana sa ya riƙa tsayawa. A tanadi murfi, a riƙa goge ƙarafan da ƙyalle mai laushi. Idan an sayo ƙaramar taransifomar da ke ba layin wuta daga Amurka, a duba tukuna, saboda tasu wutar bolt 120 ce, tamu kuwa 230.

Mai tambaya, Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan ɗauki shawarar layin Bauchi. Baba, shin hawan tsaunin zai yiwu a kan allo mai tsawon ƙafa 8, ko sai na ƙara wani allon a gefe?