4,294,967,297: tana rabuwa ko ba ta rabuwa?

Malamin sakandare: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na rubuta wa ɗalibaina 4,294,967,297 a allo, na ce tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Asalinta 2 sau 2 sau 2 ne har guda 32, a ƙara 1. 'Yan gidansu 3, 5, 17, 257 da 65,537 ne (su ma haka ake samo su, da 2 guda 1, 2, 4, 8 da 16, a ƙara 1), kuma babu mai rabuwa a cikinsu. Wata ɗaliba ta ce ba ta yarda ba. Me kuka gani?

Auta: Malam, ina bayanka. Mara ce, 2 ba ta shiga. Alƙalumanta in an haɗa 59 ne, 3 ma ba ta shiga. Na bi da kalkuleta har 97, kullum da saura.

Hajiya mai ritaya: Auta ɗana, 97 ai bakin ƙofa ka tsaya. Kafin ka ce ba ta rabuwa sai ka kai 65,536, wadda in ka yi ta sau kanta saura 1 ka kai lambar. Raba ta da 641.

Auta: Ikon Allah! 6,700,417 cif, babu saura.

Malamin sakandare: Hajiya, na gani. Amma ba daga kaina na ƙago ba. Fermat, masanin lissafi na Faransa, shi ya faɗa a 1640 cewa duk lambobin wannan gida ba sa rabuwa.

Hajiya mai ritaya: Ya faɗa, amma da kansa ya ce hujjar ba ta kammala a hannunsa ba. Euler, wani masanin lissafi, shi ne ya ɓallo 641 a 1732, yana Rasha, babu na'ura. Abin da ke burge ni yadda ya taƙaita neman: ya nuna duk lambar da za ta raba wannan dole ta zama ninkin 64 da ƙarin 1. A cikin irinsu marasa rabuwa akwai 193, 257, 449, 577, sai 641. Gwaji na biyar ke nan.

Mai gyaran kwamfuta: Ni ban ga laifin Malam sosai ba. Misali biyar a jere duk sun yi daidai, wa ba zai saki jiki ba? Mu a wajen aikinmu 4,294,967,296 muka sani, ita ce adadin adireshin intanet na tsohon tsari. Ban taɓa tunanin ƙanwarta mai ƙarin 1 tana da labari ba.

Hajiya mai ritaya: A nan muka rabu da kai. Misali biyar zato yake haifarwa, a lissafi kuwa ba a ɗora zato a allo da sunan tabbas. Yara arba'in sun kwafa a littafi fa. Kuma har yau, bayan 65,537, duk 'yar gidan da aka kai ƙarshen bincikenta rabuwa take yi.

Mai gyaran kwamfuta: To ke nan babu sauran marar rabuwa a gaba?

Hajiya mai ritaya: Kar ka maimaita kuskuren ta ɗaya gefen. Babu wanda ya kawo hujjar hakan tukuna.

Malamin sakandare: Na karɓi gyara, Allah ya saka da alheri. Gobe da safe zan miƙa wa yarinyar nan alli ta raba da 641 a gaban aji, sannan kowa ya gyara littafinsa.