Kashmir biyu a Google Maps: munafunci ko doka?

Abba Gangare: Jama'a, wannan munafunci ne tsagwaronsa. In ka buɗe Google Maps a Indiya, Kashmir, yankin da suke jayayya da Pakistan a kansa, duk tasu ce, daga nan Jos kuwa layi mai ɗigo-ɗigo za ka gani. Haka Kirimiya, ɗan Rasha da ɗan Yukiren kowa da iyakar da ake nuna masa. Manhaja ta tsaya kan magana ɗaya mana!

Injiniya Nura: Doka ce, Abba. Indiya ba ta yarda a zana iyakarta saɓanin yadda gwamnati ta zana ba. Kamfani ko ya bi, ko ya tattara nasa ya nasa.

Malam Rabi'u: Ƙanena, ka san nauyin kalmar munafunci kuwa? Ciwo ne na zuciya. Kamfani zuciya gare shi?

Abba Gangare: Allah gafarta Malam, wanda ya ɓoye tutar Taiwan a iPhone ɗin da ake sayarwa a Sin don kar a hana shi ciniki, me sunansa?

Maman Hanifa: Ɗan kasuwa. Leƙa kasuwar Terminus ka gani, kowa da farashin da ake yanka masa.

Malam Rabi'u: Hajiya, kin mayar da 'yan kasuwa munafukai ke nan? Mahaifina fatake ya yi.

Maman Hanifa: Malam, ina na faɗa?

Injiniya Nura: Ku tsaya. Tutocin emoji na waya ƙungiyar Unicode, mai tsara haruffa da alamomin kwamfuta, ke tsara su, kuma jerin sunayen ƙasashe na ISO 3166 take bi. Shi ya sa akwai ta Falasɗinu da ta Yammacin Sahara, babu ta Biyafara. Tun 2022 ta daina karɓar buƙatun ƙara sababbi. Windows ma NG kawai yake rubuta maka a madadin tutarmu.

Ɗanliti Farin Gada: Me ya kawo Biyafara nan? Bakassi za ka ambata, da Obasanjo ya ba Kamaru kyauta.

Injiniya Nura: Kotun Duniya ce ta yanke a 2002, aka kammala miƙawa a 2008, lokacin 'Yar'aduwa.

Ɗanliti Farin Gada: Kar ka taɓa marigayi! Wa ya sa hannu kan yarjejeniyar miƙawar a 2006?

Abba Gangare: Ni fa Kashmir na tambaya.

Sagir, mai kula da zaure: Na rufe. Malam ya tabbatar kalmar Abba ba ta dace ba, kuma babu wanda ya iya ja da shi. Injiniya ya cika mu da lambobi. Batun Bakassi kuwa Ɗanliti ke da gaskiya. Abba, ka janye kalmarka kafin La'asar.