Binciken lafiyar matasa a Gadarif: ta ina zan fara?

Ɗalibar Lafiya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina. An ba ni aikin kammala karatu kan yadda talauci, barin makaranta da auren wuri suke shafar lafiyar matasa 'yan shekara 10 zuwa 19 a unguwannin Hausawa na Gadarif da ke gabashin Sudan. Niyyata in raba takardar tambayoyi a makarantun sakandare huɗu, in kuma auna tsayi, nauyi da jini. Yara nawa za su ishe ni, kuma me ya kamata in kiyaye?

Malam Ɗan Maiurno:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kafin maganar adadi, gyara wurin ɗauko yaran. Idan kika tsaya a makaranta, waɗanda kike nema ba sa nan. Yarinyar da aka aurar tana ɗakinta, yaron da talauci ya kora yana kasuwa ko gona, almajiri yana halwa, wato makarantar allo. Binciken MICS na 2014, wato binciken gida-gida kan halin mata da yara, ya nuna kusan kashi 34 cikin 100 na matan Sudan 'yan shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. To irin waɗannan ba za ki gan su a aji ba, sai sakamakonki ya fito tas kamar babu matsala.

Gida-gida za ki bi. Raba unguwanni gungu-gungu, ki zaɓi gungu 30 ta ƙuri'a, a kowanne ki lissafa gidajen da ke da matashi. In gida yana da matasa uku, ƙuri'a ce za ta fitar da ɗaya, ba maigida ba, domin shi wanda ya fi wayo zai turo miki.

Adadi kuwa: in ba ki san yawan matsalar ba, ɗauka cewa kashi 50 na yaran suna da ita, da kuskuren kashi 5, lissafin da aka saba ya ba ki yara 384. Tunda gungu kika bi, ninka biyu, 768. Ƙara kashi 10 saboda masu ƙi, ki nufi wajen 850. Kada ki fita lokacin yankan riɗi, wajen Oktoba da Nuwamba, samari sun tafi gonaki. Ki kuma sa tambaya kan ko iyalin 'yan gari ne ko yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ne ya kawo su, don halinsu ba ɗaya ba ne.

Hajiya Ungozoma:

Ƙari kan na Malam. Wanda bai kai 18 ba sai da izinin waliyyi, sannan shi ma a nemi yardarsa daban, in ya ce a'a an gama. Mace ce za ta tambayi mace, a inda ana hango su amma ba a jin su. Muddin uwar miji na zaune a bakin ƙofa, duk amsar da za ki samu ita ce "lafiya lau".

Kada ki tambayi yaro kuɗin da babansa ke samu, bai sani ba, zai ƙirƙiro miki. Tambaye shi abin da idonsa ke gani: ruwan famfo suke sha ko na mai jaki, mutum nawa ke kwana a ɗaki, sau nawa aka ɗora tukunya jiya, ya taɓa kwana da yunwa a watan nan. Maganar tumbak (tabar da ake sa wa a baki), shisha, al'ada da kaciyar mata ki bar su can ƙarshe. Tun 2020 kaciyar mata laifi ce a dokar Sudan, saboda haka mutane za su ɓoye, ki faɗi hakan a rubutunki. Takardar ma ki tanade ta da Larabci da Hausa, a karanta wa yaro da baki, yawancin yaranmu ba sa karanta Hausar boko.

Dakta A.:

Ni awo zan taɓa. Ma'aunin BMI (nauyi gwargwadon tsayi) na manya, mai iyakar 18.5 da 25, ba ya aiki a kan mai tasowa. Yi amfani da jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) na 2007 na 'yan shekara 5 zuwa 19: a makin jadawalin, ƙasa da -2 rama ce, sama da +1 nauyi ya yi yawa. Jadawalin yana bin shekaru da watanni, kuma nan ake faɗuwa, don da yawa ba su da takardar haihuwa, kowa sai ya ce 15. Haɗa kalandar abubuwan da gari ya sani, kamar rabuwar Sudan ta Kudu a 2011, ki tambayi uwa ko ta haihu kafin nan ko bayan nan.

Ƙarancin jini, a awon haemoglobin (g/dL): ƙasa da 12 ga 'yan 12 zuwa 14 da 'yan mata daga 15, ƙasa da 13 ga samari daga 15, ƙasa da 11.5 ga 'yan 10 da 11. Goge ɗigon farko, kuma kada a matse yatsa, ruwan nama yana tsinka jinin sai na'ura ta nuna ƙasa. Rubuta wanda ya yi zazzaɓin cizon sauro kwanan nan da mai sikila, in ba haka ba ki ɗora wa abinci laifin da ba nasa ba.

In za ki tambayi damuwa da tunanin kashe kai, sai kin shirya asibitin da za ki tura yaro tun kafin ki fita. Kuma bincike na zagaye ɗaya ba zai gaya miki ko aure ne ya fitar da yarinya daga makaranta ko barin makarantar ne ya jawo auren ba, sai dai ki tambayi shekarar da kowanne ya faru.