Jirin da ke kama mutum in ya miƙe tsaye, wane suna za mu tsayar masa da Hausa?

Salam jama'a. Ina neman taimakon masu Hausa a baki da ma'aikatan lafiya da ke nan. Akwai wata kalma da likitoci ke rubutawa a kati, orthostatic hypotension, wasu su rubuta postural hypotension, duk abu ɗaya ne, amma da Hausa kowa da abin da yake gaya wa mara lafiya, wannan ya ce ƙarancin jini wancan ya ce bipi ne ya yi ƙasa. Muna haɗa 'yar takardar wayar da kai ne da za a riƙa karanta wa mutane ranar awon ciki da ranar masu hawan jini, shi ya sa nake so mu tsayar da magana ɗaya. Wasu sun riga sun kawo sunayen da suke ganin sun dace, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Bari in faɗi mene ne abin tukuna, kar mu raɗa wa jariri suna ba mu ga fuskarsa ba. In mutum yana kwance ko zaune ya miƙe, jini wajen rabin lita har zuwa lita guda yakan gangara ƙafafu da ciki. A jikin mai lafiya akwai wasu jijiyoyi a wuya da kusa da zuciya masu lura da ƙarfin gudun jini, nan take za su kai saƙo, zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su tsuke, kafin ka ankara komai ya daidaita. To in wannan gyaran ya makara, ko kuma dama ruwan jikin ya yi kaɗan, sai ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen jini na 'yan daƙiƙu, shi ne za ka ji kai ya yi sakayau, ido ya rufe ya yi duhu, kunne na ƙara, gwiwa ta sake, wani ya dafa bango ya tsira wani kuma sai dai a ji tim a ƙasa.

Yadda ake tabbatar da shi ba wuya, a kwantar da mutum minti 5 a auna bipinsa, ya miƙe a sake aunawa bayan minti 1 da kuma minti 3. In lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta sauka da 10, to shi ne. Misali yana kwance 130/80, ya miƙe ya koma 105/70. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke cewa tansiyon kuma suke karanta 13/8, a lissafinku 2 ke nan a sama ko 1 a ƙasa.

Na ga mutane da dama sun rubuto "ai ƙarancin jini ne". Don Allah wannan kam mu ajiye shi gefe, shi ne ma dalilin da ya sa na ɗauko maganar. Ƙarancin jini yana da mai shi, wato jinin jiki ya yi ƙasa, irin wanda ake yin gwajin jini na PCV a gani, ido ya yi fari tafin hannu ya yi fari. Gaskiya ne yana iya kawo wannan jirin, musamman mai jego da ta zubar da jini wajen haihuwa, ko mace mai al'ada mai yawa, ko mai gyambon ciki da ke zubar da jini ta ciki bai sani ba. Amma ɗaya ne kawai daga cikin dalilai. Ranar da ka ce wa dattijo yana da ƙarancin jini, wallahi kafin la'asar 'ya'ya sun sayo maganin ƙarin jini kwalba biyu, an haɗa masa maltina da madara, an dafa zogale, shi kuwa abin da ke kayar da shi ƙwayar sa fitsari ce irin su Lasix da aka ƙara masa, ko ƙwayar mafitsara irin tamsulosin da ake ba dattawa masu wahalar fitsari, ya tashi cikin dare zai zaga, ya daɗe a tsugune, ya miƙe zumbur ya ɗauki buta sai ga shi a ƙasa goshi a fashe. Kuma in mai ciwon suga ne ma maltinar ta ƙara masa wata matsalar. Sunan da bai dace ba yana kai mutane kemis ɗin da bai dace ba, wannan abin yana ci min rai sosai.

Malam da ka kawo "saukar jini", hujjarka mai ƙarfi ce, tunda muna da hawan jini ai kishiyarsa sauka ce, kuma kunne ya saba. Ni ma can na fara karkata. Sai dai wata Anti nas da ta yi magana ta faɗi abin dubawa, mai ciki in ka ce mata tana da saukar jini gabanta faɗuwa zai yi, zubar jini za ta ɗauka kake nufi. Sannan ga wani abu, mai hawan jini ma yana samun wannan matsalar, mutum yana kwance 170, ya miƙe ya dawo 140, har yanzu a sama yake amma ya sauka da 30 kuma ya ji jirin. In ka ce masa jininsa ya sauka kawai, gobe zai ajiye maganinsa ya ce ya warke. Dole sunan ya nuna cewa miƙewar ce ke tayar da abin.

Hajijiya kuma da wani ƙanena ya kawo, a'a. Hajijiya ita ce ka ga ɗaki na juyawa da kai, irin wadda yara ke yi da wasa, kuma galibi daga can cikin kunne take, tana iya kama mutum yana kwance ya juya kai kawai a kan filo. Wannan namu ba juyawa yake ba, ɗaukewa yake. Suma ita ma ba ta yi ba don ba kowa ke kaiwa ga sumewa ba. Farfaɗiya ko kusa, kar ma a soma, don mun san yadda wannan sunan ke bin yarinya har maganar aurenta, kuma wanda ya suma yana iya ɗan fizge-fizge na daƙiƙu ba tare da yana da farfaɗiya ba, daga nan sai ka ji an ce iska ce an tafi neman hayaƙi.

Saura jiri da juwa, duk Hausa ce, ni dai jiri na fi ji a bakin marasa lafiya. "Jirin tashi" ya yi daɗin faɗa amma tashi ya yi yawa, tashi daga barci ne ko tashin zuciya. "Jirin tsayuwa" kuma ina ganin mu adana shi, don akwai wani abin daban da ya fi dacewa da shi, irin ɗalibar da ke faɗuwa a asambuli ko ɗan fareti da ya daɗe a rana, wannan daɗewa a tsaye ce ta kayar da shi, wani ma ganin jini ko allura kaɗai ya isa.

Don haka ni inda na tsaya, JIRIN MIƘEWA. Gajere ne, tsohuwa a ƙauye za ta gane ba sai an yi mata fassara ba, kuma sunan da kansa yana gaya maka lokacin da za ka kiyaye. In a rubutun asibiti ne ko darasi a makarantar koyon aikin lafiya sai a faɗaɗa a ce "faɗuwar awon jini yayin miƙewa", tunda awo shi ne abin da na'ura ta nuna, ba wanda zai zaci jini ne ya zube ko ya ƙare.

Baba da ka ce jiri alama ce ba cuta ba, don haka sunan bai cika ba, gaskiyarka, kuma ni hakan ma ya fi min. Shi kansa abin ba cuta ɗaya ba ce, dole a tambayi me ya kawo shi. A wajenmu na farko rashin ruwa a jiki, zafin Maris zuwa Mayu da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, balle in azumi ya faɗo cikinsa, ga gudawa da amai da zazzaɓi. Sai magunguna, na hawan jini, wasu na tabin hankali da damuwa, da na ƙarfin maza irin su Viagra da matasa ke sha ba likita, da giya. Sai ciwon suga da ya daɗe har ya taɓa jijiyoyi, da cutar Parkinson mai sa karkarwa, da tsufa kansa, da juna biyu, da wanda ya daɗe kwance yana jinya. Wasu tsofaffin ma bayan sun ci tuwo sun ƙoshi yake kama su don jini ya tafi hanji.

Ga yadda na sa shi a takardar, ku duba min Hausar: "In kana fama da jirin miƙewa, kar ka tashi zumbur. Zauna bakin gado tukuna, ka motsa ƙafafu, sannan ka miƙe kana dafe da wani abu. In ido ya fara duhu koma ka zauna ko ka kwanta a ɗaga maka ƙafa. Wanda ya suma kar a ɗura masa ruwa ko wani abu a baki. Kar ka daina maganin hawan jini da kanka, kawo duk magungunanka asibiti a duba. In akwai ciwon ƙirji, ko bugun zuciya ba daidai ba, ko baƙin bayan gida, ko baki ya karkace, ko mai ciki ce tana ganin jini, a taho asibiti nan take."

Akwai ɗan'uwansa guda da likitoci ke kira POTS, ya fi kama 'yan mata da matasan mata, shi awon jinin ba ya faɗuwa amma bugun zuciya ke ƙaruwa da 30 ko fiye a minti cikin minti 10 da miƙewa. Na rubuta "tseren zuciya yayin miƙewa" na ajiye, mutanen Damagaram da Maraɗi da na zango a Kumasi ku faɗa min ko ya shiga kunnenku, ko kuna da wanda ya fi shi.