Da wane faifan Yusef Lateef zan fara?

Auwalu: Salamu alaikum 'yan zaure. An ce wani ɗan Amurka mai busa saksofon, Yusef Lateef, ya taɓa zama a Zariya. Da gaske ne? In haka ne, da wane faifansa zan fara?

Malam Bala: Wa alaikumussalam. Ƙwarai kuwa. Daga 1981 zuwa 1985 yana Jami'ar Ahmadu Bello, a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya, yana koyarwa yana bincike a kan sarewar Fulani. Lokacin ya haura sittin, ga digirin dakta tun 1975, ya busa da su Dizzy Gillespie, shahararren mai busa a kiɗan jazz na Amurka, amma girma bai hana shi neman sani a wurinmu ba. Wannan hali nasa ne ya sa nake ganin ƙimarsa. Ka nemi "In Nigeria", wanda ya ɗauka a Legas a 1983 da makaɗan gida.

Hajiya Rabi: Malam, a gafarce ni, wannan ya yi wa sabon kunne nauyi. Auwalu, ɗana, fara da "Eastern Sounds" na 1961. Waƙar farko, "The Plum Blossom", da 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin ya busa ta, sautuka kaɗan ne yake ta juya su, ba gaggawa. Sai "Love Theme from Spartacus" da ya busa da obo, mai murya kamar algaita amma a tausashe. Ka sa da dare bayan gida ya yi shiru.

Auwalu: Na gode Hajiya. Saksofon ɗin fa?

Yaya Nasiru: Nemi abin da ya yi da ƙungiyar Cannonball Adderley, shi ma mai busa saksofon, tsakanin 1962 da 1964, musamman "Nippon Soul" da aka ɗauka a Tokiyo. Can za ka ji ƙarfin huhun Lateef. In kuma koyon busa kake, akwai littafinsa na 1981, "Repository of Scales and Melodic Patterns". Ba na kwana ɗaya ba ne, shafi guda zai ci maka mako.

Malam Bala: Malami ne har ƙashi. Da ya koma gida ya ci gaba da koyarwa a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst. Musulmi ne, kuma wajen 1980 ya daina wasa a wuraren da ake sayar da giya. Ya rasu ranar 23 ga Disamba 2013, yana da shekara 93.

Hajiya Rabi: Allah ya jiƙansa.

Auwalu: Amin. Yau zan sa na Hajiya, Juma'a in shiga na Legas.